Kar ka yarda a kai ka Namtso washegarin saukarka

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka na ji raina ya ɓaci, don tsarin da ejan ɗinka ya ba ka, wai ka sauka daga jirgin ƙasa a Lasa, babban birnin Tibet a ƙasar Sin, washegari da asuba mota ta kwashe ku zuwa tafkin Namtso, shi ne sak aka yi mana. Har maganar da ya kwantar maka da hankali da ita, cewa jirgin ƙasa a hankali yake hawa don haka jiki zai saba da ƙarancin iskar kan tsauni tun a hanya, ita aka gaya mana.

Ba haka abin yake ba. Daga garin Golmud da ke kan hanya suke fara sakin iskar oksijin cikin tarago, kuma kusa da gadonka akwai wurin da ake jona tiyo in numfashi ya yi maka wuya. Za ka ratsa tsaunin Tangula, mita 5,072 sama da teku, kana shan shayi kana ɗaukar hoton shanun nan masu dogon gashi, ka ɗauka ka gama da tsauni. Lasa mita 3,650 ce. Tafkin kuwa yana kan mita 4,718, kuma kafin ka hango shi sai mota ta haura tudun Largen La, mita 5,190. Ka lura, ya fi inda jirgin ya kai tsawo, kuma a mota babu mai sakar maka iska.

A nan abin ya same ni. Tun a hanya kaina ke sarawa, muna isa kan tudun na buɗe ƙofa na fara amai. Na duƙa zan ɗaure igiyar takalmi, wallahi na kasa, yatsuna sun ƙi bin umarnina, farcena ya canza launi. Azahar a zaune na yi ta cikin mota, don in na kai goshi ƙasa ji nake kamar ana daka sakwara a cikin ƙwaƙwalwata. Na roƙi mai yi mana jagora mu juya, ya ce sauran sun biya kuɗinsu. Direba ya ciro gwangwanin iska daga ƙarƙashin kujera ya tsuga mini kuɗi, na biya, don wanda numfashinsa ke yankewa ba ya ciniki. Shi kuwa ejan, wanda kafin in tura kuɗi ko ƙarfe biyun dare na yi masa magana a manhajar saƙo ta WeChat zai amsa, ranar sai da na tura saƙo ya fi a ƙirga. Can da yamma ya rubuto wai in sha ruwan zafi. Ruwan zafi! Da dare a masauki, barci na ɗauke ni sai in zabura ina haki, na zauna na jingina da bango ina tunanin wa zai yi mini wanka da sutura a nan in ta Allah ta kasance. Har yau bai ce mini sannu ba. Na bar shi da Allah.

Kafin komai, ka san rukunin jininka? Mai sikila bai kamata ma ya yi tunanin wannan tafiya ba, kuma mai AS shi ma ƙarancin iska a irin wannan tsawo yana iya taɓa masa saifa. Su can ba lallai su tambaye ka ba, don ba cutar da suka saba gani ba ce. Ka ga likita, ka tambaye shi batun Diamox, maganin da ake sha saboda ciwon hawa tsauni, kar ka saya da kanka ka hau sha. In kana mura ko tari, ɗaga tafiyar.

Ni da zan tsara maka, ka yada zango a birnin Shinin (Xining), inda layin dogon Tibet ya faro, tukuna, mita dubu biyu da ɗoriya ce, jiki zai fara ɗanɗanawa. Garin akwai Musulmi sosai, ga babban masallacin Dongguan, abincin halal kuwa ba sai ka nema ba, naman ragonsu ma sai wanda ya ci. Lasa ma akwai masallaci da gidajen abincin 'yan ƙabilar Hui, Musulmin Sin, a kewayensa. Ka yi kwana biyu ko uku a Lasa kana tafiya a hankali, Namtso ya zama na ƙarshe. In kwanakinka ba su kai ba, haƙura da shi, ai ta tagar jirgi ma za ka ga tafkin Tsona dab da layin dogo.

A cikin jirgin, ka nemi gadon ƙasa, hawa na sama da ciwon kai azaba ne, kuma ka zaɓi jirgin da zai bi tsakanin Golmud da Lasa da rana. Biro da man shafawa ka sa su a leda, tsiyaya suke yi. Takardar izinin shiga Tibet dole ta hannun ejan za ta fito, ba za a bar ka ka hau jirgin ba sai da ita, kuma da ita suke riƙe wuyan mutum. Shi ya sa kar ka biya duka kuɗin tun farko.

Tafkin yana da kyau, ban ce ba shi da shi ba, shuɗi ne sosai ga duwatsu masu ƙanƙara a bayansa, amma ni ta gilashin mota na gan shi. In ka ga kana tangaɗi, ko numfashi ya ƙi daidaita kana zaune, sauka ƙasa shi ne magani, ko da tsakar dare ne, kar ka jira gari ya waye. Ka sa ejan ya rubuta maka cewa mota za ta juya da duk wanda jikinsa ya ƙi. Wane wata ma za ka tafi? In lokacin sanyi ne, dusar ƙanƙara tana rufe hanyar tudun, ka tambaya tun yanzu.