Amsa ga mai tambaya kan tsohon karen gidansu

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce karen gadin gidanku ya kai shekara 13, ƙafafunsa na baya sun daina ɗaukarsa, abinci ma sai ya shinshina ya kau da kai, kana tambaya ko lokaci ya yi da likita zai yi masa allurar da za ta hutar da shi. Sannu. Mu ma mun ga irin wannan rana da namu, na san yadda gida yake yin tsit, musamman yaran da suka buɗe ido suka gan shi a tsakar gida.

Kafin a yanke komai, a kai shi wurin likitan dabbobi a ɗebi jininsa. Cutar da kaska ke sa wa kare tana kama da tsufa ƙwarai: kasala, rama, ƙin abinci. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Idan ya yi fari fat, jininsa ne ya yi ƙasa, kuma sau da yawa ana magance wannan. Ruɓaɓɓen haƙori ma yana hana ci. Ciwon gaɓoɓi kuwa akwai maganinsa irin meloxicam, wanda likita zai auna masa gwargwadon nauyinsa. Don Allah kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna yi wa kare gyambon ciki su lalata masa ƙoda. In kana kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello.

Idan likita ya ce babu sauran dabara, to karen za ka zuba wa ido, ba zuciyarka ba. Namu ya kai inda in ya ji ƙarar buɗe ƙofa sai ya yunƙura da ƙafafun gaba, ya yi ta karce siminti, ya sake zubewa. Fitsari yake yi a kwance, alhali kare ba ya son ɓata makwancinsa. Ƙugunsa ya yi gyambo saboda kwanciya, ƙudaje suka samu wuri, muna wankewa da safe, kafin la'asar ya sake jiƙewa. Da dare kuma kuka ƙasa-ƙasa har asuba. A ganina, in kare ya kasa tashi, ya daina ci da sha da kansa, maganin ciwo kuma ya daina yi masa aiki, ci gaba da riƙe shi don mu ne, ba don shi ba. Amma wanda har yanzu yake jan jiki ya fita rana, yana cin ɗan tuwo da romo, yana kaɗa wutsiya, kada a yi masa gaggawa.

Na san batun addini yana ranka. Malamai sun saɓa, amma a Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, an halatta yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Ka zauna da malaminka ka faɗa masa halin da karen yake ciki dalla-dalla.

Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne a zuba masa shinkafar ɓera ko fiya-fiya a abinci, ko a sa shi a mota a yar da shi a daji. Guba mutuwar azaba ce, da shure-shure da kumfa a baki. Dabbar da ta kwana tana tsaron ƙofarka shekara da shekaru ba ta cancanci haka ba.

Wurin likita, allurar barci ake fara yi masa, sannan a sa ta biyun a jijiyar ƙafar gaba. Cikin minti ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya. Idonsa zai iya zama a buɗe, ya saki fitsari ko ya ja dogon numfashi, amma ba ya jin komai a lokacin. Ka faɗa wa yara gaskiya tun kafin ranar, ka bar wanda yake so ya yi masa sallama. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a danne da duwatsu, domin maganin yana nan a jikinsa, kuma ungulu ko wani karen da ya tono ya ci zai iya mutuwa. Allah ya ba ku haƙuri.