Wace manhaja zan fara da ita wajen koyon gina shafin intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son koyon gina shafukan intanet. Wani ya ce sai na sayi Dreamweaver, wani kuma ya ce WordPress kaɗai ta ishe ni. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta gigabait 4. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Dreamweaver manhajar gina shafuka ce ta kamfanin Adobe, ana biyan kuɗinta lokaci-lokaci, kuma babu abin da mai koyo yake bukata a cikinta da ba zai samu kyauta a wani wuri ba. Abu biyu ne kawai za su tayar da kai: manhajar rubuta kod (wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta), da burauza irin Chrome ko Firefox wadda na tabbata tana kan kwamfutarka.

A wajen rubutu, abin da mutane suka fi amfani da shi yanzu shi ne Visual Studio Code, wadda Microsoft ta fitar a 2015. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Sai dai tana da ɗan cin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, musamman idan ka buɗe ta tare da burauza mai shafuka da yawa. Idan ka ga kwamfutar tana jan ƙafa, koma Notepad++. Tun 2003 take, ba ta da nauyi ko kaɗan, amma a Windows kaɗai take aiki.

Ga yadda ranar farko za ta kasance. Ka buɗe sabon fayil, ka rubuta kanun shafi da alamar h1 da sakin layi ɗaya da alamar p (alamomi ne na HTML, harshen da ake tsara ginin shafi da shi), ka adana shi da suna index.html, sannan ka danna shi sau biyu. Zai buɗe a burauza, ko babu intanet. Daga nan danna maɓallin F12. Wani ɓangare zai fito a gefe yana nuna maka ƙashin shafin. Ka canza launin kanun a nan take, ka ga ya sauya a gabanka. Da wannan ɓangaren za ka riƙa leƙa cikin kowane shafin da ya burge ka, ka ga yadda aka haɗa shi.

Abu ɗaya nake roƙonka. Visual Studio Code tana da wata dabara mai suna Emmet: ka rubuta alamar motsin rai, ka danna Tab, sai ta zuba maka tsarin shafi gaba ɗaya. Ka ƙyale ta a farkon tafiya. Wanda bai taɓa rubuta tsarin da hannunsa ba, ranar da abu ya ɓaci ba zai san inda zai duba ba.

WordPress kuwa, manhajar haɗa shafi da kula da abin da ke cikinsa, ta cancanci a koya, amma bayan HTML da CSS (harshen ƙawata shafi) sun zauna maka, ka kuma taɓa JavaScript (harshen da ke sa shafi ya yi motsi). Da wani harshen kod mai suna PHP aka gina ta, kuma tana bukatar rumbun adana bayanai. Idan lokacin ya yi, ka saka manhajar XAMPP, za ka iya gwada WordPress a kwamfutarka ba tare da ka kama hayar saba ba, wato kwamfutar da ake ɗora shafi a kai don a gan shi a intanet.

Tambaya: Malam, ni waya kawai gare ni. Zan iya farawa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Idan Android ce, akwai manhajar Acode, tana ba ki damar rubuta HTML da CSS ki kuma ga sakamakon a wayar. Wahalar ita ce buga alamomi irin su baka da waƙafi mai ruwa a ƙaramin allo, don haka idan da hali, ki nemi allon rubutu mai haɗawa da Bluetooth. Idan wata alama ta shige miki duhu, ki duba shafin MDN Web Docs na Mozilla, masu burauzar Firefox, can za ki samu bayaninta da misali.