Wace Siga Ce Ke Aiki Ran Talata?

Tambaya: Malam, ni ke kula da manhajar wani ƙaramin bankin bashi a Birnin Kebbi, da Docker muke ɗora ta, wato manhajar da ke haɗa kowace sigarta cikin kunshi guda don a ɗora a kan na'ura. Masu binciken kuɗi sun zo suna tambayar wace siga ke aiki ran Talatar da kuɗin wani manomin shinkafa na Argungu suka yi ɓatan dabo. Na duba, kowace sunanta "latest", wato "ta baya-bayan nan". Gumi ya karyo mini. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ramin ni ma na taɓa faɗa masa. Sunan nan kamar rubutun alli ne a jikin buhu, kowa na iya gogewa ya sake. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar SHA256 ta kowane kunshi, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinsa. Ko harafi ɗaya aka taɓa, sai ta sauya. Da ita za ku riƙa ɗorawa.

Duk ɗori, na'ura ta rubuta da kanta: lambar Git ta aikin (Git ita ce manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa aikin), lambar kunshin, wanda ya amince, da lokaci. A ajiye rajistar inda mai ɗorawa ba zai iya gyarawa ba, ko da kai ne.

Na ran Talatar nan kuwa, duba tarihin ma'ajiyar kunshinku tukuna, kafin wani ya share tsofaffin.