Kafin Jihadin Shehu, Kanawa Arna Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 16 ya kalli wani bidiyo a TikTok, ya zo yana cewa Shehu Ɗanfodiyo ne ya kawo Musulunci Kano, wai kakanninmu na kafin jihadi duk arna ne, bai halatta in riƙa yi musu addu'a ba. Mu kuwa asalinmu 'yan Madabo ne. Abin ya hana ni barci. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, ki ci gaba da addu'arki. An fara jihadi a 1804, Kano ta koma hannun masu jihadi a 1807, alhali an haura shekara 400 ana kiran salla a birnin nan kafin lokacin.

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji ɗan Tsamiya (1349 zuwa 1385) Wangarawa, wasu malamai Musulmi, suka zo daga Mali, su kamar arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Dubi abin da aka fara yi da zuwansu: aka naɗa Gurdumus limamin sarki, Lawal ladan, Auta mai yanka, Zaite alƙali. Liman, ladan, yanka da shari'a, wane arne ne ke buƙatar waɗannan? Akwai wani rubutun Wangarawa da ya kawo zuwan Zaite zamanin Rumfa, saɓanin da masana suka daɗe suna tattaunawa, amma ko da wanne aka ɗauka, tazarar da ke tsakaninsa da jihadi ta wuce shekara 300. Sunayen unguwanni irin su Mandawari da Sheshe da Zaitawa daga mutanen nan suka samo asali, Madabon da kika ambata kuma tsohuwar cibiyar karatunsu ce.

Zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) malaman Fulani suka ƙaro littattafan tauhidi a kan fiƙihu da hadisin da suka tarar. Sai Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda Shehu Magili na Tilimsan ya sauka a wajensa har ya rubuta masa Tajuddin, kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Jikokin Magili suna nan a Sharifai.

To, ga inda masu bidiyon nan suke yi wa yara ɓarna, kuma kullum sai an kawo mana irin wannan ƙorafi. Mutum bai taɓa buɗe littafin Shehu ko ɗaya ba, ya ɗora waya a kan sanda, ya kafirta al'umma guda cikin minti biyu don a danna masa alamar so. Shehu kansa bai ce shi ya kawo Musulunci ba. Sunansa Mujaddadi, mai jaddadawa, kuma ba a jaddada abin da babu shi. A wajen wa ya yi karatu? Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauran malaman ƙasar nan. Littattafan wa ya kafa hujja da su? Har da na Magilin da ya zauna a Kano. Abin da ya yaƙa shi ne garwaya addini da tsafi da zaluncin sarakuna, kuma wannan garwayen ba ƙarya ba ne: Sarki Kanajeji ya koma wa tsafi, ga kuma Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka har zamanin Sarki Alwali, wanda jihadi ya tarar a kan mulki. Amma laifin fada daban, hukuncin malamin soro da almajiransa da mai rini a Ƙofar Mata daban. Ko a wancan zamanin sai da Shehu Laminu na Barno ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello a kan wannan batu na kafirtawa, malamai ne da hujjoji, ba zage-zage ba. Yau kuwa an mai da zancen makamin rigimar Hausa da Fulani, wannan ya ce kakanninku arna, wancan ya zagi Shehu, dukkansu babu wanda ya iya jero sarakunan Kano biyar a jere.

Kada ki yi wa yaron faɗa. Ranar Asabar ki sa kawunsa ya kai shi Gidan Makama ya ga jerin sarakuna da shekarunsu, daga nan su taka zuwa Madabo su gaida dattawan unguwa, ya tambaye su sunan kakansa na bakwai.