Amsar tambayarka kan karatun tonon kayan tarihi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokan karatunka duk sun juya wa fannin tonon kayan tarihi baya, kana kuma tambayar dalilin al'adar masu sana'ar ta yin tono a hankali kamar ba sa son gamawa.

Bari in fara da al'adar, don ita ce jigon aikin. Wurin da aka tona ba ya komawa yadda yake har abada, shi ya sa ba a gaggawa. Kafin a taɓa ƙasa sai an auna kufan, a kafa turaku, a ja igiya, a raba shi murabba'i-murabba'i, galibi mita ɗaya ko biyu kowane gefe. Da cokalin gini da burushi ake kankarewa, kamar santimita 10 a kowane zubi, in kuwa launin ƙasa ya sauya sai a tsaya a buɗe sabon shafi, domin an shiga wani zamani ke nan. Ƙasar da aka kwashe kuma sai ta bi ta rariya, saboda 'yan duwatsun ado da ƙananan ƙasusuwa.

In bakin tukunya ya leƙo, kada ka kuskura ka fizge ta. A share kewayenta, a ɗauki hoto, a auna zurfinta, a zana, sannan a ɗaga. Tsingaro ɗaya da aka san shimfiɗar ƙasar da ya fito daga cikinta ya fi tukunya lafiyayya da ba a san asalinta ba. Gawayi ma ba a ɗaukarsa da hannu, da bakin cokali ake tsame shi a naɗe a takardar alminiyam, don kada wani abu ya gurɓata shi. Da gawayin ake gwajin kabon 14, wato gwajin gano shekarun abu, wanda masanin kimiyya Willard Libby ya samo a ƙarshen shekarun 1940. Rabin kabon yakan ragu duk shekara 5,730, gwajin kuma ba ya wuce kimanin shekara 50,000. Da irinsa aka gane kwalekwalen Dufuna, da aka gano a Jihar Yobe ta yanzu a 1987, ya kai shekara 8,000. Babbar ɓarnar sababbin hannu ita ce zuba abin da aka tono a leda marar rubutu: ba sunan wuri, ba lambar murabba'i, ba zurfi. Wannan kayan ya tashi a banza.

Gudun ɗalibai kuwa, tsoron rashin aiki ne da ƙarancin albashi, ga tsadar fita fage. Ba a ƙasa ɗaya abin ya tsaya ba. A Ingila, a 2016 aka sanar da janye darasin daga jarrabawar ƙarshen sakandare, a 2021 kuma Jami'ar Sheffield ta yanke shawarar rufe sashenta. Abin da ke damuna shi ne, ido mai gane sauyin ƙasa ba a samunsa a littafi, sai a gefen wanda ya iya.

In ranka na so, ka shiga. Amma ka haɗa da awon ƙasa da zanen taswira a kwamfuta, ka kuma nemi zuwa fage tun shekarar farko, don ka gwada jimirinka kafin ka yi nisa.