Me ya sa zare mai laushi yake tsinkewa a keken ɗinki?

Tambaya: Ni tela ne a Gusau. Na sayi babban ƙullin zare mai araha, mai taushi kamar auduga. A keken wibin, wato mai daje bakin yadi, yana tafiya lafiya, amma da na sa shi a keken ɗinki sai ya riƙa sulewa a bakin allura yana tsinkewa. Zaren ne jabu ko kekena ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, keken ka lafiyarsa ƙalau, zaren ma ba jabu ba ne. Ka dai sa shi aikin da ba nasa ba.

Zaren nan na roba ne, wato foliyesta, kuma ba kaɗa shi aka yi ba. Daga masana'anta yake fitowa silili dogaye, santsi kamar gashin doki. Don ya yi taushi, sai a ja shi ta cikin na'urar zafi mai kusan digiri 200, ana miƙa shi, wasu fayafai masu juyawa suna murɗa shi da ƙarfi. Yana hucewa sai murɗin ya warware gaba ɗaya, amma kowane sili ya riga ya riƙe lanƙwasar da zafi ya ba shi. Shi ya sa ake ce masa murɗin ƙarya: zaren ya kumbura, yana miƙewa yana komawa, amma babu tufkar da ta haɗe sililin. Idan ka ga an rubuta 150D/48F a jikin ƙullin, ma'anarsa mita 9,000 na zaren nauyinsa giram 150 ne, kuma sili 48 ne a ciki. Daje bakin yadi shi ne aikinsa, domin yana baje jiki ya rufe bakin, ba ya kuma cizon fata.

Keken ɗinki kuwa azabtar da zare yake yi. Kafin wani yanki na zaren ya zauna a cikin ɗinki, sai ya shiga kafar allura ya fita sau da yawa, ƙugiyar ƙasa tana fizgarsa. Wanda ba shi da tufka, sili ɗaya na tsinkewa sai ya tattare a bayan allura, saura su bi shi.

Abin da kake buƙata shi ne zare mai harɗe biyu ko uku, irin mai lamba 40/2, wato harɗe biyu na zare mai lamba 40. Ana murɗa kowane ɗaya zuwa gefe guda, sannan a haɗa su a murɗa zuwa ɗaya gefen, ƙarfin biyu ya kashe juna. Tsofaffinmu masu kaɗi da mazari sun san wannan tun kafin a kafa masaƙa a Gusau: zaren wadari, na tsayin saƙa, sai ya murɗu sosai, abawa kuwa, wadda ake gittawa, sako-sako ake barinta.

Gefen murɗin ma yana da muhimmanci. Keken allura ɗaya yana son murɗin da ake kira Z. Ka riƙe zaren da hannun hagu, ka murza shi da yatsun dama zuwa wajenka. Idan ya ƙara tamkewa, shi ne. Idan ya buɗe, a keke ma warwarewa zai yi. Sannan ka yanko kamu biyu, ka haɗa bakin biyu ya yi lilo. Mai kyau zai rataya shiru ko ya ɗan juya kaɗan. Wanda ya nannaɗe kansa kamar igiya, ba a daidaita murɗinsa ba, kuma zai riƙa yi maka ƙulli da tsallaken ɗinki.

Allura lamba 11 zuwa 14 ta dace da 40/2. Zare mai kauri kamar 20/2 sai 16 ko 18. Lokacin hunturu kuma ka rufe ƙullin da leda in ka tashi aiki, don ƙura tana shiga tsakanin faifan matse zare ta ɓata jan. Ragowar mai laushin nan ka mayar da shi keken wibin.