Amsa ga Yaya a kan karatun 'ya'yanmu a Koriya ta Kudu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Tambayoyi biyu ka aiko mini, kuma na lura ta biyun ce ta fi tsaya maka a rai, ko da yake ka sako ta a ƙarshe cikin raha. A matsayinka na shugaban makaranta kana son sanin abin da ya sa yaran Koriya ta Kudu suke sahun gaba duk lokacin da aka gwada ɗaliban duniya, sannan kana tambaya ko 'ya'yan da muka haifa a nan, musamman waɗanda iyayensu mata 'yan ƙasar ne, har yanzu Hausawa ne. Ba zan iya raba amsoshin ba, domin abin da yake burge ka a makarantunsu shi ne yake cinye lokacin da ya kamata mu koya wa yaran abin da kake tsoron sun rasa.

Yabon da kake ji ba ƙarya ba ne. Lokacin da mulkin Japan ya ƙare a 1945 yawancin manyan ƙasar nan ba su iya karatu ba, sai kuma yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ragargaza ɗan abin da ya rage. Ba su da man fetur, don haka suka zuba duk abin da suke da shi a kan 'ya'yansu, har manomi yakan sayar da san nomansa don ɗansa ya shiga jami'a. Yau kusan kashi 70 cikin ɗari na masu shekara 25 zuwa 34 sun yi karatun gaba da sakandare. Makarantar gwamnati ce ɗan likita da ɗan direba suke zuwa, ana ba su abincin rana kyauta, yaran ne suke share ajinsu da kansu, kuma koyarwa a firamare aiki ne da sai mai sakamako mai kyau ƙwarai yake samu. Wannan na ƙarshen shi ne na fi so ku duba a gida.

Amma duk wannan tsari rana ɗaya yake fuskanta, wata Alhamis a cikin Nuwamba, ranar jarrabawar shiga jami'a da suke kira Suneung, wadda aka fara a 1993. Kada ka kwatanta ta da JAMB. Ɗalibai kusan rabin miliyan suke zama tun ƙarfe 8:40 na safe har yamma, ana jinkirta buɗe ofisoshi da kasuwar hannun jari don hanya ta yi sauƙi, 'yan sanda suna ɗaukar wanda ya makara a kan babur, kuma ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kimanin minti 35 lokacin gwajin sauraron Turanci. Burin kowa shi ne jami'o'i uku, Seoul da Korea da Yonsei, ko kuma karatun likita, saboda sunan jami'ar yana bin mutum wajen neman aiki, har ma wajen neman aure. Wanda bai samu ba sai ya sake shekara guda yana shiri.

Daga nan ne hagwon suka samu gindin zama, wato makarantun ƙarin darasi na kuɗi da yaro yake wucewa bayan an tashi. A 2023 iyaye sun kashe won (kuɗin ƙasar nan) tiriliyan 27 a kan irin wannan karatu, alhali yawan yaran raguwa yake yi. A Seoul doka ta ce a rufe su ƙarfe goma na dare, kuma idan ka je unguwar Daechi a wannan lokaci za ka tarar da motocin iyaye sun toshe titi. Babbar 'yata tana aji biyu na babbar sakandare. Abincin darenta a ranakun mako dunƙulen shinkafa ne da aka naɗe da ganyen teku, tana cin sa a tsaye a kanti tsakanin darasin lissafi da na Turanci, kuma idan ta shigo gida takan haɗa sallolin da suka wuce ta idonta yana rufewa. Na yi niyyar hana ta zuwa, ita ce ta roƙe ni, domin duk ajinsu sun riga sun gama littafin baɗi a hagwon.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. An soke jarrabawar shiga ƙaramar sakandare a 1969, an fara raba ɗalibai a manyan sakandare ta hanyar ƙuri'a don daidaita su a 1974, sannan a 1980 gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan ta haramta ƙarin darasi na kuɗi, abin ya koma ɓoye ya ƙara tsada, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Tun 2016 ana ba 'yan ƙaramar sakandare zango guda ba tare da jarrabawa ba, kuma a 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Yoon Suk Yeol, ya sa a cire tambayoyin nan masu tsananin wuya da ba a koyar da su a aji. A ganina kullum jarrabawar ake gyarawa, ana barin ainihin ciwon, wato ratar da take tsakanin albashin manyan kamfanoni irin su Samsung da na sauran wuraren aiki. Sakamakon kuwa a bayyane yake: kashe kansu da suke yi shi ne kan gaba wajen ajalin matasa, haihuwa ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, makarantun ƙauye suna rufewa. A shekarar ne kuma dubban malamai suka fito zanga-zanga cikin baƙaƙen kaya bayan rasuwar wata matashiyar malama a Seoul, suna kokawa da matsin da iyaye suke yi musu.

Sai maganar da ta fi yi mini ciwo. Ku a gida kun yanke hukunci cewa auren 'yar ƙasa ne yake raba yaro da asalinsa. Mu Hausawan nan ba mu da yawa, galibi ɗalibai ne da suka zauna bayan karatu da 'yan kasuwar da suke tura tsofaffin motoci daga tashar jiragen ruwa ta Incheon, kuma kaɗan ne suka auri 'yan ƙasar. Amma 'ya'yan waɗanda suka zo da matansu daga Kano ma da Koriyanci suke faɗa da juna. Uwar 'ya'yana, wadda 'yar ƙasar nan ce, ita ce take zama da jadawalin abincin makaranta a farkon kowane wata, ta ja jan layi a duk ranar da za a dafa alade, ta tashi da asuba ta haɗa musu nasu. Ita ce take rubuta wa malamai takardar neman izini ranar Salla, tunda ba hutu ba ce a nan.

Lokaci ne babu. Ka tuna yadda Baba, Allah ya ji ƙansa, yake tashinmu zuwa makarantar allo kafin ta boko, mu koma Islamiyya bayan la'asar, da dare mu zauna gaban Inna muna jin tatsuniya. Waɗannan sa'o'in su ne hagwon ta karɓe. Abin da ya rage mana shi ne Asabar a babban masallacin unguwar Itaewon da ke Seoul, wanda aka buɗe a 1976, da kuma malamin da yake ɗora musu karatu ta waya daga Katsina, shi ma sai an yi lissafin tazarar awa takwas.

Duk da haka ba su miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, ba su kiran sunansa gatsau, kuma wannan ladabi daga ɓangarorin biyu suka same shi. Hausarsu ce take da rauni, ban musa ba. Sai dai da muka zo gida, ƙaramin ɗana ya durƙusa ya gai da Gwaggo da Hausar da ya yi ta maimaitawa a jirgi, aka kwashe da dariya ana kiransa ɗan Koriya, bai sake buɗe baki ba har muka taho. A nan kuma, inda aka haife shi, inda zai yi aikin soja na dole na wata 18 kamar kowane ɗan ƙasa, kullum ana tambayarsa daga ina ya zo.

Dogon hutunsu yana faɗowa ne a Janairu da Fabrairu, tunda shekarar karatu a Maris take farawa. Ina so in turo maka shi ya zauna a gidanka, ya bi yaranka Islamiyya, kafin ya shiga babbar sakandare inda hutun ma na hagwon ne. Idan ka amince, ka ja kunnen 'yan gidan tun yanzu a kan dariyar nan.